Sha Ɗaya ga Agusta

Rediyo ya ce a rana mai kamar ta yau
aka haifi wani gwani a can wata uwa duniya,
wani mai mulki ya faɗi, aka sa hannu a wata takarda.
Na rage masa murya, kununa ya huce.
Mu ma nan Nafada muna da namu lissafin.

Littafin bashi ne na Baba Gidado mai injin niƙa,
bangonsa ya sha gari har ya yi furfura.
A gaba, mudu biyu, tiya ɗaya, wance ba ta biya ba.
A baya, inda takarda ta yi saura,
nan yake ajiye kwanaki kamar mai ɓoyon iri.

Sha ɗaya ga Agusta, shekarar da ya sayo inji:
"Yau ya tashi. Ƙararsa ta watsa kajin unguwa.
Goggo Hajjo ta fara kawo dawa, ban karɓi kuɗinta ba."

Sha ɗaya ga Agusta, bayan damina huɗu:
"An samu mace da asuba, ana tsuga ruwa.
Bel ya tsinke da hantsi. Naira shida."
Ni ce macen.
Layi ɗaya muka raba da bel,
shi har kuɗinsa aka faɗa.

Sai shekarar da Gongola ta cika ta tumbatsa.
A nan biro ya huda takarda.
"Manu ya shiga ciro saniyar wani.
Saniya ta fito."
Bai ƙara ko ɗigo ba.
Shafi biyu ya bari fari fat,
ga shi Baba ba ya ɓarnar takarda,
ko ta ƙunshin ƙosai sai ya miƙar ya adana.

Sai yau na gane
dalilin da duk ranar yakan sayo mini alewar madara,
ya dafa kaina, bai ce uffan ba,
ya kashe inji tun la'asar ba ta yi ba,
ya nufi bakin gulbi, hularsa a hannu.
Ina ta murna, ashe tare muke cin ranar
da mutumin da ban san fuskarsa ba.

Wata shekarar: "An kawo wuta unguwa, ta yi minti goma."
Wata kuma: "Sambo ya fitar da haƙori, ya ciji uwarsa."
Akwai wadda ya rubuta kawai,
"Ba komai. Mun ci, mun kwanta."
Ita ce ya ja wa layi biyu a ƙasa.

Shi bai tafi a wannan rana ba.
Ya ja numfashi har garin sha biyu ya waye,
kamar ya ce kayan da ta ɗauka sun ishe ta.
Rubutun Sambo ne a wurin, a karkace,
hawaye ya cinye rabin sunan.

Yanzu inji na kuka a zaure, matan unguwa sun jera kwanuka.
Na hure garin da ke kan shafi,
na lalubo biro a gwangwanin allura.
Hannuna bai kai nasa kyau ba, amma na sa:
"Yau Dudu ta saki bango.
Taku uku, ta faɗa kan buhun masara, tana dariya.
Man inji ya ƙara kuɗi."