Mai Gyaran Lotsa

Shekara sha tara ina bugun ƙarfe a Bukoki.
Motar da ta sha karo a hanyar Doso,
in an jawo ta, sai in rufe ido,
in bi gefenta da tafin hannu
in ce: ga lotsa nan, ga wata can.
Hannun nan bai taɓa yi mini ƙarya ba.

Shi ne kuma ya faɗa mini,
wata huɗu bayan aikin farko,
ina wanka da bokiti a bayan garaji:
Tankari, hagunka ya faɗa.

Da can yawa ne ya dame ni.
Ina ɗan sha huɗu a Tawa
na bar zuwa tabki da yaran unguwa,
tun ranar da Jadi ya nuna ƙirjina
ya ce a kai ni a auna mini rigar mama.
Riga biyu nake sawa ko a bazara.
Na yi ta tusa jika-jika a gwangwanin fenti
har suka isa kuɗin wuƙa.

Aka cire. Dama ta kwanta lafiya.
Hagu kuwa, rami,
kamar yaro ya danna babban yatsa a malmalar tuwo.
In na ɗaga guduma sai fatar ta tattare,
kan nonon ya nutse, yana yi mini ƙifce.
Na gudu daga tudu, na faɗa kwari.

Likita ta biyu a Yantala take,
mace ce, gilashinta ɗaure da zare.
Ta latsa, ta ja, ta ce ɗaga hannu.
Ta ce: an kwashe har ƙasa,
ba a bar wa fatar matashi ba,
tabo ya kama ta ya liƙe da nama.
Na ce yaushe za a buge shi?
Ta ce sai ka cika shekara.
Na ce ni ƙofar mota kwana uku take yi a hannuna.
Ta ce ƙofar mota ba ta kumbura.

Wata takwas ina murza wurin da man kaɗe,
safe da dare, kamar mai lallashin jaki.

Ranar aikin, daga tumbina ta ɗebo,
wannan da shinkafa da wake suka gina
a rumfar Inna Dela.
Ta saki tabon da ke riƙe da fatar,
ta zuba kitsen kaɗan-kaɗan da allura.
Mastik ke nan, na ce, harshena da nauyi.
Ta ce amma wannan mai rai ne,
wani zai zauna, wani zai narke,
wataƙila mu sake haɗuwa.

Sati shida cikin rigar matsi,
Yamai na tafasa, wuta na ɗaukewa.
Fureratu ce ke ɓalle mini maɓallan da dare.
Ba ta taɓa cewa komai ba, da can ko yanzu,
sai dai: ka yi numfashi, malam, ka yi numfashi.

Yau in na rufe ido na shafa,
hannuna yana samun wurin.
Ɗan kwari, bai kai faɗin dala ba.
Ido ba ya gani. Hannu ya sani.
Na ce masa ya yi shiru.

Jiya wani alhaji ya kawo ƙofar Hilis
ya ce a maida ta kamar ba a taɓa ba.
Na ce, Alhaji, zan kai ta kusa.

Da azahar zafi ya yi yawa,
na tuɓe riga na rataye a madubin motar.
Na tsaya ina jira.
Yarona Bizo ya ɗago daga ƙarƙashin mota,
ya dube ni,
ya ce: Maigida, ina kile sha uku?