Na Takwas

Ƙarfe biyun dare, a bayan garin Debrecen,
dusar ƙanƙara ta toshe bakin garke.
Dezső ya ɗaga fitila, hannunsa na ɓari.
Uwar, mai murɗaɗɗen gashi kamar tunkiya, na nishi,
suna faɗowa ɗai-ɗai, jiƙe sharkaf,
da zane a gadon baya kamar an ja da gawayi.

Ni aikina allura ce da 'yan kwalabe.
Kafin baki ya taɓa nono nake ɗibar ɗigo,
in sa lamba, in sa sa'a.
"Piroska," in ji tsohon, "ba ki da tausayi?"
Ban tanka ba. Na takwas na tafin hannuna,
bai kai nauyin burodi ba.

Abin da Dezső ya sani da wani suna:
ɗan alade hannu rabbana yake zuwa duniya.
Wata uku, mako uku, kwana uku a ciki,
amma mabiyiya katanga ce mai kauri,
garkuwar uwa ba ta tsallake ta.
Jinin farko kamar gidan da ba a tare ba,
furotin ɗin tayi ya baje a tsakar ɗaki,
albumin ɗan kaɗan a lungu,
mazaunin masu gadi kuwa wayam.

Sai dakashi.
Rawaya, mai kauri, mai danƙo a yatsa.
Hanji kan bar ƙofa a buɗe yini guda da dare,
duk cutar da uwa ta kwanta da ita ta tashi,
labarinta ya wuce cikin jinin ɗa ɗungurungum.
Daga nan ƙofa ta rufe ruf.
Wanda ya makara, abinci kawai ya sha.

Bakwai sun kama, suna ture juna da hanci.
Na takwas ya rarrafa, aka take shi,
ya sake, aka take shi,
ya kwanta a ciyawa, sanyi na cin kunnensa.
Takardar bincike ta ce in duba, kada in sa hannu.
Na duba har agogo ya ce huɗu.
Sannan na cire allura daga sirinji,
na durƙusa a kashi, na tatsi uwar,
na ɗiga masa a gefen baki.
Dezső ya juya yana gyaran fitilar da ba ta lalace ba.

A ɗakin gwaji inji ya juya kwalabe,
ja ya kwanta ƙasa, ruwan ya taso kamar shayi.
Lantarki ya ja furotin a kan faranti,
kowane ya tsaya inda ƙafarsa ta kai shi.
Sa'ar haihuwa: fili fetal.
Sa'a goma sha biyu: layi shuɗi, baƙi-ƙirin don kauri.
Na takwas nasa siriri ne,
amma akwai shi.
A gefen shafi na rubuta laifina da fensir.

Kwana bakwai, albumin na hawa, hanta ta kama aiki,
furotin ɗin tayi na tattara komatsansa.
Mako uku, shuɗin nan ya soma koɗewa.
Zanen aro ba ya rufe katara,
na uwa na ƙarewa, nasa bai iso ba,
a wannan ratar ce gudawa ke ɗaukar na ɗauka.
Ta ɗauki na uku, ƙaton cikinsu.

Mako shida. Zanen bayansu ya soma ɓacewa.
Na ɗaga faranti saitin taga:
a gurbin na takwas wani layi na tsirowa,
ba na uwa ba,
ba nawa ba.

Na sa tsohuwar rigar sanyin mahaifiyata,
wadda gwiwar hannunta ta soma yagewa,
na fita in tari motar ƙarfe shida.