Ni Ɗinsu

A cikin danfo, tsakanin Oshodi da Agege,
na buɗe littafin bisa gwiwata.
Aikatau guda malamar ta ba mu: aros.
Jira ne, in ji ta, kuma zama ne,
mutanen Wales ba su raba su ba.

Dw i'n aros. Ina jira.
Ba ƙarya, wata bakwai fasfona na hannunsu.
Rwyt ti'n aros. Kana jira, Sabi'u,
a garin ruwan saman nan da harshena ya kasa kiran sunansa.
Mae hi'n aros. "Mai" ake furtawa,
kamar mai gyaɗar da ta tsaya a taga,
ta ga ba ciniki, ta ƙi tafiya.

Da na iso layin jam'i sai na yi turus.
Wai "ni" ɗinsu mu ne.
Na goge tabarau na sake dubawa. Haka yake.

Kwandasta na zagi da Yarbanci,
gumin wata mata ya jiƙa min kafaɗa,
inji ya mutu, ba wanda ya sauka.
Dyn ni'n aros, na faɗa ƙasa-ƙasa.
Matar ta shafa fuska, ta ce amin.