Jajibirin Suna a Matsango

Gobe suna.
An jiƙa gero, rago na ɗaure a gindin darbejiya,
surukata Nusaiba ta jingina da filo,
jaririya a cinya, waya a hannu,
hasken wayar ya fi na ƙwan ɗakin
don rabin wuta aka kawo mana yau a Azare.

Sunan yanka an gama magana:
nawa za a sa mata, Rakiya.
To wace suruka ce za ta buɗe baki
ta kira sunan uwar miji a tsakar gida?
Dole a nemo na sakayawa.

"Inna, ji wannan: Afnan, wai rassan bishiya.
Nasrin, wani fure ne na daji.
Yusra, sauƙi.
Rayyan, ƙofar Aljanna ta masu azumi."
Tana karantowa tana jan yatsa,
sunaye na gangarowa kamar tsakiyar da zarenta ya tsinke.

Na ce duk da daɗi, 'yar nan, kamar alewa a baki.
Mu dai a Madara ba a nemo suna,
shi yake zuwa da ƙafarsa.
Ɗan maƙwabtanmu ya faɗo ana tsuga ruwa,
har ya yi furfura Anaruwa ake ce masa.
Delu ta biyo bayan maza uku,
Tanko ya zo ya tarar da mata sun cika ɗaki.
Cindo kuwa, ungozoma ta ƙirga yatsunsa sau biyu
ta samu shida, ta yi shiru, suna ya zauna.
Ka ji sunan mutum, ka san yadda gidansu ya kwana.

Ni fa? Barmani.

Huɗu uwata ta haifa kafin ni,
huɗun duk an kai su bayan gari a tabarma,
babu wanda ya kai yaye.
Da na zo ba ta yi guɗa ba, ba ta bari an yi ba,
ta dai ɗaga kai sama, ta ce da Mai bayarwa:
wannan, bar mani.

A firamare na tsani sunan nan.
Malam Ɗahiru na kiran rajista,
yara na amsawa a madadina, "A bar mata! A bar mata!"
Na dawo gida da kuka, na ce a canza.
Tana tankaɗe a lokacin.
Ba ta ce komai ba,
sai na ga garin da ke faifai yana ɗaurewa
ɗigo, ɗigo.
Ban sake tambaya ba.

Ban ba Nusaiba wannan labari ba.
Ba sai na bayar ba.
Ni na raka ta asibiti sau biyu,
muka dawo da zanin goyo a ninke.
'Yan safa da hular da ta saya
sun shekara uku a ƙasan akwati
har sun ɗauki warin kafur.

Yatsanta ya tsaya.
Ta daɗe tana kallon wuri ɗaya.
"Amal," ta ce, murya ƙasa-ƙasa.
"Wai fata. Abin da ake sa rai."

Na karɓi jaririyar, na auna ta a tafin hannu,
ba ta fi mudun gero ba.
Na ce a raina: Inna, kin ji?
Addu'arki ce ta je Makka ta dawo
da sabuwar riga.

Amal, na gwada a bakina.
Harshena ya yi tuntuɓe, ya miƙe.
Rago ya yi kuka a waje.
Na sunkuya daidai kunnenta
na raɗa mata wancan, tsohon,
ba wanda ya ji.