Koren Ɗigo

Shekara talatin da huɗu ina can sama,
cikin ɗakin gilashi a tashar Genova,
hannun ƙarfe mai tsawon layi guda yana bin yatsuna.
In na ce dama, kwantena ta yi dama.
Ban taɓa ɗora tafina a kan kayan ba:
ido ne kawai, da ƙugiya, da sanin halin iska.

Yau ga ni ƙasa, a ɗaki mai warin sabulu.
Nives ta ɗaure damtsena cikin wani hannun ƙarfe,
ƙarami, fari, mai gurnanin kyanwar da ta ƙoshi.
Reshe ya juye da mujiya:
shi ke ɗagawa, ni ne kayan.

Tun safiyar da kofi ya suɓuce,
ɓarin hagu ya yi mini yaji,
hannun nan bai ƙara aiko da labari ba.
Yana kwance a cinyata kamar safar wani.

"Gaudenzio, kar ka dubi hannun. Dubi allo."

A allon akwai koren ɗigo, wai ni ne.
Akwai da'ira can a kusurwa, wai gida.
Tsakaninsu taki ɗaya ne,
amma na fi sanin nisansa da hanyar Savona.

Na tura. Ɗigon ya yi tangaɗi kamar mashayi,
ya bar shatin karkace a bayansa.
Na zage shi da yaren 'yan dako.
Nives ta yi kamar ba ta ji ba, ta rubuta lamba.

A mako na biyar na kama su.
Na kauce kaɗan, ɗigon ya kauce da yawa.
Na ce, "Allonku maƙaryaci ne."
Ta ce, "Yana ɗaga murya ne, don kurman hannu ya ji."
Kwana biyu ban yi mata magana ba.
A na uku layin ya ɗan miƙe.

Sai injin ya soma janye jiki,
yau ya sakar mini kwata, gobe rabi,
irin sakin uba mai riƙe da keken ɗansa.

Jiya ta kashe allon.
Baƙin gilashi, da fuskar tsoho a ciki.
"Ina ɗigon yake?"
Na rufe ido. Na jira.
Can ƙasa da gwiwar hannu wani abu ya motsa,
siriri, kamar fitilar jirgi a hazon teku.
Na ce, "Hagu. Bai kai ba tukuna."
Ta kunna. Hagun ne. Bai kai ba.

Da dare Zelinda ta zuba miyar wake.
Cokali ya tashi, ya yi lilo, na bar iska ta wuce,
na sauke shi a hankali kamar tan ashirin.
Rabi ya zube a riga.
Rabin da ya isa, gishiri ya yi masa yawa,
na kuwa faɗa mata.