Maɗin Tsohuwar Ɗinya

A gonarmu ta bayan Sandamu ɗinya uku ce.
Biyu matasa, masu rawar kai,
kowace kaka sai sun zubar da kwando goma,
'ya'ya manya, ruwa-ruwa, kamar alkawarin dillali.
Ta ukun kuwa ta girmi kakan kakana.
Cikinta kogo, mujiya na kwana ciki,
reshenta na gabas ya bushe tun ban san dama da hagu ba.
Abin da take bayarwa bai cika ƙwarya biyu ba,
ƙanana, baƙaƙe ƙirin.
Ita Iya Tabawa ke jira.

Ba ta yarda a kaɗa.
"Wanda ya faɗo da kansa shi ya gama magana."
Mu tsince da asuba kafin awaki su riga mu,
ta jiƙa a kwatarniya kwana guda,
ta murje da tafin hannu har ƙwallo ya saki nama,
ta tace a kwandon kaba,
ɗigo,
ɗigo,
sannan wuta. Itacen marke, ban da kara,
kara gaggawa gare shi.
Daga hantsi har a kira lisha
tana kwashe kumfa da ludayi,
sallama ma da ka take amsawa,
har ruwan ya yi ja, jan ya yi duhu,
duhun da in ka ɗaga shi gaban fitila
sai ka hangi garwashi kwance a ƙasansa.

Ƙananan tuluna, baki liƙe da kakin zuma,
jere ƙarƙashin gadonta.
Ba ta san boko ba, lissafi bai taɓa ɓace mata ba:
wannan na shekarar fara,
wannan na shekarar da rijiyar masallaci ta rufta,
wancan na shekarar da Ilu ya tafi Ikko bai waiwayo ba.
Na shekarar fari ya fi duka kauri.
"Itace in ya sha ƙishi, ba ya surutu."

Wata Laraba mota ta tsaya ƙofar gida.
Alhaji Mati ne daga Kaduna,
mai kabad na gilashi da makulli,
inda ya tara zumar dutse da tsohon turare
kowanne da takardar shekararsa.
Ya lasa a ɗan yatsa, ya lumshe ido, ya daɗe.
Ya ce yana jin hayaƙi,
da ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko,
da wani ɗaci can nesa kamar na goro.
Iya ta ce, "Ɗinya ce."
Ya taya tulun fari kuɗin bijimi.
Ta ce, wa zai sha?
Ya ce ai ba na sha ba ne, na ajiya ne.
Ta dube shi irin duban da take wa akuya in ta leƙo ɗaki.
Ta sayar masa da na bara guda biyu
a kuɗin da kowa ke biya,
har da gyara.

Daminar bana iska ta kwantar da tsohuwar.
Cikin dare ta faɗi, ba wanda ya ji.
Kafin azahar masu gawayi sun zo tayi.
Iya ta dogara sanda ta tafi,
ta zauna bisa kututturen har inuwa ta juya.
Da ta dawo ta ce in jawo tulun fari.
Ta fasa kakin da bakin wuƙa,
ta sa aka kira yaran unguwa,
har da ɗan mai gawayin da ke raɓe a zaure,
kowa cokali ɗaya, ba ƙari.

Ni na sami kankarar gindi.
Na lumshe ido yadda na ga Alhaji ya yi,
na nemi hayaƙin, na nemi ƙasar,
ban same su ba.
Zaƙi ne kawai, mai nauyi,
ya zauna a maƙogwaro ya ƙi wucewa
har bayan magariba.

Saura tulu bakwai. Na ƙirga jiya.
Yau da safe ta aike ni gona
in dubo matasan nan biyu,
wai ko sun fara hankali.