Rumbun Ƙarƙashin Bene

Ranar da aka sace jakar Tasi'u
a cikin adaidaita, tsakanin Kabuga da Gadon Ƙaya,
rashin kwamfutar bai dame mu ba kamar abin da ke cikinta:
samfuri mai layi arba'in da bakwai,
wanda kowa a ofishinmu ya taɓa ara
in zai haɗa manhaja da banki.

Muka shiga cigiya.
Ina da kwafi a filashi, amma na bara ne.
Na Ladidi ya sha kwaskwarima
har mai shi ba zai shaida shi ba.
Na Nafi'u yana cikin wayar da ya kai gyara Beirut,
yau wata huɗu.
Kwafi uku, baki uku,
kowanne na rantsuwa shi ne ɗan halak.

Hansatu ta ajiye kofin shayi ta ce,
"Abin da ke aljihun mutum ɗaya
ai ba na gida ba ne."
Kafin la'asar ta buɗe mana rumbu
a cikin na'urar kamfani,
wadda ke gurnani a ƙarƙashin bene
kusa da jarkokin man janareto.

Sai na tuna shagon babana a Fagge,
da zubin wuyan riga da ya yanka a takardar siminti
ya rataye a ƙusa bayan ƙofa.
Duk yaron da zai taɓa yadi
sai ya ɗauko, ya gwada, ya mayar.
Amma takardar ba ta da baki.
In an ci mata gefe
ba ta faɗin wanda ya riƙe almakashi,
sai Baba ya haɗa mu duka ya yi faɗa.

Wannan rumbun kuwa ba ya mantuwa.
Ya san wa ya zuba, wa ya ɗiba,
wa ya goge layi na tara ranar Talata
sannan ya dawo da shi a guje kafin a tashi.
Ni ne.
Sunana na nan, da ƙarfe nawa.
Na ji kunya kwana biyu, daga baya na saba.

Bana Tasi'u ya koma Fatakwal da aiki.
Barira, wadda ta gaji kujerarsa mai ƙafa ɗaya a ɗaure,
ba ta tambayi kowa komai ba.
Ta buɗe rumbu, ta ɗauko samfuri,
ta bi sawun gyare-gyare baya-baya
kamar mai warware lawashi,
har ta tsaya a kan wani rubutu
na ƙarfe biyu da kwata na dare:

"Na gyara kuskuren lissafin kobo.
Laifina ne tun farko.
Wanda ya zo bayana, ya duba layi na talatin,
ban gama yarda da shi ba."

Ta juyo ta ce, "Wane ne wannan?"
Aka ɗauke wuta.
Cikin duhu, kafin janareto ya tashi,
na ji tana ƙirga layuka a hankali,
ashirin da takwas, ashirin da tara.